Ƙarƙashin Teburin Aji na Biyu

Ina durƙushe a ɗakin wankan wani Balarabe, can ƙasar da ke arewa da mu, ina jera karo, wato tayil, a ƙasa, sai wayata ta yi ƙara. Daraktan lakkol ɗinmu ne, makarantar da na koyar a Agadas. Dattijo ne mai son doguwar gaisuwa, amma ranar ko gajiya bai tambaye ni ba.

Ya ce, "Mushe, takardarka ta izinin koyarwa ta kusa mutuwa. In ba ka zo ka yi darasi gaban mai bincike kafin a rufe lakkol ba, za a cire sunanka. Daga nan sai dai ka sake zama jarrabawa tare da yaran da ka koyar."

Mushe ɗin nan da ya ce ya fi taɓa ni fiye da sauran maganar. Haka yara da iyayensu suke kiran malamin boko a wajenmu, ni kuwa na daɗe ban ji an kira ni da shi ba. A can ba ni da suna. In mai aiki yana so na, sai ya kaɗa yatsa, ko ya kira ni da kalmar da suke kiran duk wani baƙar fata.

Ba don na ƙi koyarwa na tafi ba. Albashi ne ba ya kai mu tsakiyar wata, ga ɗakin da muke ciki duk damina sai ya zubar mana da ƙasa a kan gado. Abokan aikina da yawa Jado suka nufa neman zinariya. Ni na san jikina, ba zan iya shiga rami ba. Na zaɓi aikin karo, don ni dama mutum ne mai son layi ya miƙe. Ko a aji, yaron da ya ja mini layi a karkace ya san sauran.

Takardar izinin tana Agadas, cikin leda, a ƙasan akwatin matata. Ita ce ke hana ni yarda cewa na zama mai karo har abada. Duk ranar da gwiwoyina suka kumbura, sai in ce wa kaina, ai ni malami ne, wucewa kawai nake yi ta nan, ƙofar aji tana jira na. In takardar ta mutu, wannan maganar ta mutu ke nan, ba ni da abin da zan koma in zama.

A can kuwa ko takarda ɗaya ba ni da ita, kamar yawancinmu. Akwai masu kamen baƙi da suke zagaya wuraren gini. Ba sa sallama. Mota ce za ta tsaya da ƙarfi, tayoyi su ja tsakuwa, sai ƙofofi su rufu a tare, gaf-gaf-gaf. Wanda ya fara koya mini aikin, wani mutumin Tanut, tun ranar farko ya ce mini kar in kuskura in gudu a fili, masu gudu ake fara kamawa. Ya ce in shige ƙarƙashin abin da ya fi kusa da ni, in ɗora hannu a ka, in yi shiru. Na yi masa dariya a raina, ni da nake tsayawa gaban aji ko tari ba a yi. Amma na shiga ƙarƙashin kwalayen karo, na shiga ƙarƙashin matakala, na taɓa kwanciya cikin kwamin wankan da ba a ɗaura ba, ina jin ana jan wasu ana fita da su. Shi kansa mutumin Tanut ɗin wata rana bai sami abin shiga ba. Daga baya har jikina ya daina jiran in yi tunani. Kafin in ce mene ne, na riga na shige.

Wannan ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Kowa a unguwarmu ya san karo nake yi, ban ɓoye ba. Amma in an tambaye ni yaya can, sai in ce alhamdulillahi, a wuce wurin.

Na iso Agadas cikin zafin bazara, na yi baƙi, na rame. Matata ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Malam, wannan wuyan naka ai sai a rataye shi da ƙusa." Ta yi dariya, ta juya da sauri ta shiga madafa, ta daɗe ba ta fito ba.

Ɗiyata tana bayan ƙofa tana leƙe. Da na tafi ko lakkol ba ta shiga ba, yanzu ga ta a aji na biyu, haƙoran gaba sun fita. Muryata ta sani, ta waya. Fuskar ce take ta auna ta da hoton da ke bango, wanda nake tsaye gaban tablo, babban allon aji, da farar riga da biro uku a aljihu. Uwarta ta ce mini a lakkol ba ta da zance sai babanta mushe ne, babanta ya fi kowa iya rubutu, in ya dawo kowa zai gani.

Ni kuwa rubutun nan shi ne abin da na fi jin tsoro. A da, in za a yi baƙi, ni ake kira in rubuta kwanan wata a saman tablo, da haruffa masu ciki da wutsiya, har wasu malamai su zo kallo. Yanzu siminti ya cinye mini hannu. Yatsun sun yi kauri, tafin ya tsage, farce biyu sun mutu. Na kama alli sai na ji kamar tsinke na riƙe. Kullum da safe sai in shafa man kaɗanya, in ɗauki gawayi, in tsaya gaban bangon tsakar gida ina rubutu ina gogewa. Matata tana tankaɗe tana cewa, "To Malam, in ka gama da bangon, ga bayan tukunya nan ma." Na ce mata ta bar ni da abin da ya dame ni. Da zafi na faɗa, don ni ba na son wasa in ina cikin damuwa, ita ma ta sani, shi ya sa take yi.

Na je na ga darakta. Ya tsufa, ya ƙara faɗi, ga kwandon tumatir ɗin da wani ɗan'uwansa ya aiko masa daga Dabaga a gefen kujera. Ya riƙe hannuna, ya ji kaushinsa, ya saki. Ya ce mai binciken mace ce, ba ta da wasa amma ba ta da zalunci. Sannan ya yi murmushi irin na wanda ya shirya maka alheri, ya ce, "Na ba ka aji na biyu. Ajin ɗiyarka. Ta ga babanta a bakin aiki."

Na so in ce ya sauya mini. Amma me zan ce dalili? Na yi godiya.

Darasin da na zaɓa mai sauƙi ne, na koyar da shi ba adadi: gaba, baya, bisa, ƙarƙashi, da Faransanci. Yara ƙanana ba a koya musu wannan da baki kawai. Malami ne zai yi abin da jikinsa, ya faɗa, su ma su yi, su faɗa. In ka tsaya gaban tebur ka ce ina gaban tebur, sai su fito gaban bencinsu su maimaita. In ka koma baya, su koma. Alli da soso su ne na bisa da ƙarƙashi: ka ɗora alli bisa tebur, ka sa soso a ƙarƙashi. Ba a taɓa jin malami ya shiga ƙarƙashin tebur da kansa ba, balle ni da ko zama a gaban yara ba na yi.

Ranar na sa farar rigar nan ta cikin hoto. Ta yi mini yawa, matata ta kama ta da allura ta baya. Ɗiyata ta riga ni fita, ta ce ba za ta jera da ni ba, so take in shigo aji ta tashi ta gaishe ni kamar kowa.

Haka kuwa aka yi. Da na sa ƙafa a ƙofa, aji ya miƙe gaba ɗaya, suka ja gaisuwar nan ta safe da murya ɗaya. Ɗiyata tana bencin farko, daidai gaban teburin malami, ta ƙame kamar soja, tana ƙoƙarin kar ta yi murmushi. A can baya mai bincike tana zaune da tabarau a kan hanci, darakta a gefenta yana fifita da kwali.

Na juya na rubuta kwanan wata. Bai kai na da ba, amma bai kunyata ni ba. Daga nan abin ya dawo mini, kamar ban taɓa barin ajin ba. Muryata ta buɗe. Na tsaya gaban tebur, suka tsaya gaban benci. Na koma baya, suka koma. Na ɗaga alli na ɗora bisa tebur, suka ɗora nasu. Wani yaro a gefen taga ya ce gaba alhali yana baya, na dube shi da idon nan nawa na da, nan take ya gyara. Na hangi mai bincike tana gyaɗa kai tana rubutu. Na ce a raina, ai shi ke nan, an gama.

Na ɗauki soso ke nan zan sa shi ƙarƙashin tebur, sai mota ta shigo farfajiyar lakkol da gudu. Ta tsaya da ƙarfi dab da tagarmu, tayoyi suka ja tsakuwa. Ƙofofi suka rufu a tare.

Ban san lokacin da na yi ba. Abin da na sani shi ne na ga ƙasan tebur a saman kaina, da tsohon cingam da wani ya manna a jiki. Gwiwoyina suna ƙirjina, hannayena biyu suna bisa kaina, bakina yana karanta abin da na saba karantawa a irin wannan lokaci. Ina Agadas, garin da aka haife ni, tafiyar ƙafa kaɗan daga gidan ubana, da farar riga, gaban yara da mai bincike, na shige ƙarƙashin tebur kamar kazar da ta ga shaho.

Sai na ji bencunan yara suna ƙara, ƙafafu suna ja. Yaran nan gaba ɗaya suka rarrafa suka shige ƙarƙashin bencinsu. Tun safe abin da na yi shi suke yi, to me zai hana yanzu? Wata yarinya mai kaifin murya ta fara, sauran suka ɗauka, suna dariya suna rerawa: "Je suis sous la table." Ina ƙarƙashin tebur, ina ƙarƙashin tebur. Ba su taɓa jin daɗin darasi irin na ranar ba.

Teburin malami ba shi da katako ta gaba. Bencin ɗiyata kuwa yana manne da shi. Da ta shiga ƙarƙashin nata, fuskarta ta zo dab da tawa, ko kamu ɗaya babu tsakani. Ta shigo tana dariya kamar sauran. Sai ta dube ni. Ta ga hannayena a ka, ta ga gumi, ta ga bakina, ta ga idona. Dariyar ta tsaya. Duk ajin yana rerawa, ita ba ta buɗe baki ba. Muka zauna a nan ƙasa muna kallon juna, ni da ita, na kasa ko sauke hannuna.

A waje na ji mace tana tambayar ina ofishin darakta. Masu rigakafi ne suka zo da akwatunansu na sanyi.

Na fito. Ban san da wane ƙarfi ba. Na miƙe, na tafa hannu, na ce su fito su zauna, na sa suka maimaita jimlar ɗaya bayan ɗaya kamar dama haka na tsara. Allurar da matata ta kama rigar da ita ta ɓalle, tana sukata a baya, ban ko taɓa wurin ba. Na kai darasin ƙarshe. Ban sake duban bencin farko ba har aka buga ƙarfen fita hutu.

A ofis darakta sai washe baki yake. Ya ce wa mai bincike, "Madam, kin ga abin da nake faɗa miki? Malaman yanzu ko sunkuyawa ba sa yi, wai kar wando ya ɓaci. Wannan kuwa da jikinsa yake koyarwa." Ya juyo wajena ya ce zai sa sababbin malamai su riƙa yin haka. Ya kuwa cika alkawari. Ya faɗa mini daga baya a waya cewa yanzu duk mai aji na biyu a lakkol ɗin sai ya shiga ƙarƙashin tebur in an zo wannan darasi, har suna kiransa salona. Duk lokacin da na tuna sai in ji kamar in tona rami in shiga.

Ita mai bincike ba ta yi dogon yabo ba. Ta ce darasin yana da rai, yara sun gane, rubutun tablo a ƙara kula da shi. Ta sa hannu, ta buga hatimi. Da za ta miƙo mini takardar sai ta tsaya, ta dubi hannuna da ke karɓa, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Mushe, ka sha ruwa kafin ka fita, rana ta yi zafi." Har yau ban san ko ta gane ba. Wani lokaci in ce ta gane ta rufa mini asiri, wani lokaci in ce a'a. Kowanne na ɗauka, kunyar ba ta raguwa.

Da aka tashi, ɗiyata ta same ni a bakin ƙofar lakkol. Wannan karon ta jera da ni. Ƙawayenta suna binmu suna cewa babanki ya iya wasa, gobe ma zai zo? Muka bi ta lungunan unguwa, inuwa babu, bango yana fitar da zafi. Na tsaya wajen mai kanti na saya mata alewa, ta karɓa ta riƙe a hannu, ba ta ɓare ba. Can sai na ji ta kama ɗan yatsana, wanda farcensa ya mutu, ta riƙe har gida.

Matata ta yi guɗa da ta ga hatimi. Ta mayar da takardar cikin leda, ta sa a ƙasan akwati, ta ce to yanzu hankali ya kwanta. Ta tambayi yarinyar, "Yaya babanki ya yi? Ya iya ko?" Na daina numfashi ina jira. Ta ce, "Ya iya." Ta tashi ta je ta wanke allonta.

Kwanakin da suka rage na yi su kamar baƙo a gidana. Ina jira ta yi maganar, ina kuma addu'a kar ta yi. Na shirya amsoshi iri-iri. Zan ce mata wasa ne. Zan ce sosona ne ya faɗi na bi shi. Ni da nake hukunta yaro in ya yi mini ƙarya, ga ni ina tsara wadda zan yi wa 'yar shekara bakwai. Ba ta tambaya ba. Abin da na lura kawai shi ne, in mota ta wuce ta bakin layinmu muna zaune a tsakar gida, ba ƙofa take kallo ba, ni take kallo. Ta kuma daina cewa babanta mushe ne. Wannan uwarta ce ta lura, ta ce mini ko yarinyar nan ba ta da lafiya ne.

Darakta ya ce in zauna, in an koma lakkol zai nema mini aji. Na ce masa rufin ɗaki bai ƙare ba, saura kaɗan, in na ƙara shekara ɗaya ko biyu zan dawo gaba ɗaya. Takardar da na sha wannan wahala a kanta, ita ce ta ba ni damar sake tafiya da kwanciyar rai, tun da yanzu ba za ta mutu da wuri ba. Na san haka, shi ma ya sani, muka yi sallama.

Ranar tafiya suka raka ni tasha da hantsi. Ana ta ɗaure kaya da jarkokin ruwa a jikin mota, masu shayi suna kira, kowa ya naɗe fuska da rawani. Matata tana ta jaddada mini in riƙa shafa man kaɗanyar da ta sa a jaka. Na durƙusa don in yi sallama da ɗiyata, na fara yi mata irin maganar da uba yake yi, ki yi karatu, ki ji maganar innarki, ki riƙa ja layi a miƙe.

Ta bari na gama. Ta waiga ta ga uwarta tana magana da wata mata. Sannan ta matso da bakinta kusa da kunnena, a hankali, yadda ba wanda zai ji.

Ta ce, "Baba, can inda kake aiki, in motar ta zo, akwai tebur?"

Na ce mata akwai. Ta gyaɗa kai, ta saki rigata, direba ya ce a hau.